Ba Yawan Kuɗin Tsaro Ba Ne Kaɗai

Malam Edita,

Suwidin ta shiga ƙungiyar ƙawancen tsaro ta NATO a 2024, bayan sama da shekara 200 tana 'yar ba-ruwanmu. A taron NATO na birnin Hague a 2025 kuma, ƙawayen sun amince su riƙa kashe kashi 5 cikin 100 na arzikin ƙasa kan tsaro kafin 2035: 3.5 kan soja da makamai, 1.5 kan irin su gadoji da tsaron intanet.

Sai dai igwar NATO harsashin milimita 155 take ci, ta Rasha 152. Ka haɗa su a runduna ɗaya, wata za ta kwana da yunwa. Mu a Najeriya da muka sayi jiragen yaƙi, Super Tucano a Amurka, JF-17 a Pakistan, a fara leƙa ma'ajiyar kayan gyara kafin sabuwar oda.

Mai karatu,
Agege, Legas