Godiya ga Matan Cibiyar Gina Tukwane ta Ushafa

Assalamu alaikum. Na rubuto ne dan in gode wa mata da ma'aikatan cibiyar gina tukwane ta Ushafa da ke ƙaramar hukumar Bwari a Abuja, kuma na ga gwara in yi a fili kowa ya gani, tunda in an ɓata mana rai bama jin kunyar yaɗawa, to in an kyautata mana ma ya kamata a ji.

Ni a Kubwa nake zaune, kuma duk wanda ke zaune a gefen Abuja ya san halin da ake shiga in baƙi sun zo daga gida suka ce a kai su ganin gari. Wannan hutun Goggona ce ta zo daga Funtuwa da jikokinta, yara sun matsa sai an fita. Wuraren da muka fara zuwa ba zan kama suna ba, amma wallahi na dawo gida raina a ɓace. A wani wurin tun daga bakin get aka fara, kuɗin shiga daban, kuɗin fakin daban, ka ɗaga waya zaka ɗauki yara hoto wani ya ɓullo ya ce akwai kuɗin hoto, ka ce a baka rasit ya kalle ka sama da ƙasa kaman ka zage shi. Goggo da ciwon gwiwa take fama, na roƙi wani ma'aikaci ya taimaka mana da kujera ya ce ba aikinsa bane, yana faɗa yana danna wayarsa ko ɗago kai bai yi ba. Banɗaki kuwa gara ma kar a yi maganarsa, wurin alwala babu, tsohuwa ta riƙe fitsari har muka koma gida. Da daddare ta ce min, "'Yar nan, in dai haka yawon naku yake ku bar ni a gida in yi ta jan carbina." Maganar ta tsaya min a rai sosai, dan ni na ɗauko ta da alkawarin zata ga abun da zata ba da labari in ta koma.

Wata maƙwabciyata ce ta ce mu gwada Ushafa, ba nisa, in ka bi ta Dutsen Alhaji ka kama hanyar Bwari zaka ga kwanar. Gaskiya na tafi ne ba da wani tsammani ba.

Muna shiga wata baiwar Allah, dattijuwa Bagwariya, hannunta duk yumɓu, ta hango yanda Goggo ke ɗingishi sai ta ajiye aikinta ta wanke hannu ta ɗauko kujera 'yar tsugunno ta kai inuwa, da ta ga ta yi wa Goggo ƙasa da yawa ta koma ta samo mai tsayi. Babu wanda ya roƙe ta. Ta ce, "Sannu da zuwa Hajiya, zauna ki huta, aikin zai zo inda kike." Kuma haka aka yi, ta jawo yumɓunta ta dawo gaban Goggo ta ci gaba da gini a nan tana bayani da Hausarta mai daɗi. Ta nuna mana yanda ake haɗa yumɓu da garin tsofaffin katanga, wato fasassun tukwane, da aka daka dan kar tukunya ta tsage a wuta, yanda ake murza shi dogo dogo ana ɗora wani kan wani, ita maginiyar ce ke zagaya tukunyar tana jan bakinta sama da hannu ba inji ba komai, sannan in ta sha iska a goge ta da ɗan dutse mai santsi har ta yi sheƙi, a yi mata zane, a bar ta ta bushe sosai kafin a gasa da itace da ciyawa. Da ta ambaci makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ake yayyafa wa tukunya tana da zafi dan ta yi ƙwari ta yi duhu, sai Goggo ta gyara zama ta ce ai su ma da makuba suke daɓen ɗaki suna yara, daga nan hira ta ɓarke tsakaninsu, randa da tulu da kaskon turare da tandar waina, mu dai sai kallo. Rabon da in ga Goggo tana dariya haka tun kafin rasuwar mai gidanta.

Abun da ya fi taɓa ni shi ne ƙaramin cikin yaran, wajen rawar kai ya ture wani ɗan kasko ya faɗi ya fashe. Gabana ya faɗi, na riga na sa hannu a jaka dan na san a wani wurin da yanzu an tara min jama'a an ninka kuɗi. Sai matar nan ta riƙe hannuna ta ce, "A'a 'yata, mayar da kuɗinki, wannan ma dakawa zamu yi ya koma cikin sabo." Ta jawo yaron da ya fara kuka ta ba shi curin yumɓu ta ce ya gina mata wani ya biya ta. Ya gina wani abu da shi kaɗai ya san ko mene ne, ta karɓa ta yi masa godiya.

Ita ce kuma ta tambayi yaran ko sun san matar da ke bayan takardar naira 20. Babu wanda ya sani a cikinsu. Ladi Kwali ce, maginiyar tukwane 'yar Kwali a nan yankin Abuja, wadda ta yi aiki a cibiyar da Bature Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja wato Suleja ta yanzu, tukwanenta suka kai har Turai da Amurka, ta rasu a 1984. Irin wannan ginin na hannu da shi ta fara. Ita Ushafar ma ba baya ba ce, nan shugaban Amurka Bill Clinton ya zo da 'yarsa a watan Agustan 2000 lokacin mulkin Obasanjo, har yau wasu ƙauyen Clinton suke ce mata. Ga duwatsu sun kewaye garin gwanin sha'awa, ga dam ɗin Usuma da ke ba Abuja ruwan sha nan kusa.

Sayayya ba wata wahala, an faɗa mana farashi, mun ɗan yi ciniki kaɗan, aka naɗe mana kaya da kyau aka kai har mota. Lokacin sallah kuma ya yi aka kawo mana buta da tabarma.

Ni abun da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne, matan nan ba wani kuɗin kirki suke samu ba, roba da alminiyon sun cinye kasuwar tukwane, amma sun san darajar baƙo. Can kuwa inda aka kashe miliyoyi aka yi gini da fitilu da manyan alluna, ma'aikaci gani yake alfarma yake maka da ya bari ka shiga da kuɗinka. Kuma ba Abuja kaɗai ba, je ka wuraren tarihi da yawa a arewa ka gani, ba mai bayani, ba wurin zaman tsofaffi, shara ko ina, in ka yi tambaya a ce maka oga baya nan. Sai kuma a dawo ana cewa mutanenmu basu son yawon buɗe ido, sun fi son su kwashi kuɗi su tafi Dubai. Wa zai so ya kai mahaifiyarsa inda za a wulaƙanta ta? Hukumomin da abun ya shafa ya kamata su tura ma'aikatansu Ushafa su ga yanda ake karɓar mutum, kuma su taimaka wa matan nan da kasuwa, makarantu su dinga kai ɗalibai, masu otal otal na cikin gari su dinga sayen kayansu maimakon na waje.

Mama, ban tambayi sunanki ba har muka tafi, amma ina fata wani zai karanta miki wannan. Goggo ta koma Funtuwa lafiya, ta ce lallai in gaishe ki in faɗa miki randar ta isa ba ko tsagewa, ruwanta sanyi ƙalau. Allah ya saka miki da alheri ke da sauran abokan aikinki, ya ƙara lafiya da kasuwa mai albarka, ya raya miki zuri'a. In sha Allahu hutu mai zuwa da 'yan Islamiyyar unguwarmu zan zo.

Taku,
Wata mazauniyar Kubwa