Sanarwa kan kai yara sinima ran Asabar

Salam iyaye, maganar kai yara kallo ran Asabar tana nan, za mu haɗu a Pantami bayan azahar saboda irin finafinan nan na dodanni da masu tashi sama suna cin wajen awa 2, gara mu fito kafin magariba. Don Allah a duba alamar hukumar tace finafinai a jikin fosta, G kowa zai kalla, PG sai da babba a kusa, in an ga 12 ƴan ƙasa da shekara 12 su zauna gida. Masu ƴan shekara 4 ko 5 ku zauna kusa da ƙofa, ƙarar sifika da duhun nan ke sa su kuka wallahi, kuma tun a gida a gaya musu dodon kwamfuta ce ta haɗa shi. Kowa ya kai nasa banɗaki kafin a kashe wuta.