Manhajar hira ta iya amsa, saura ta koyi tambaya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman fili a jaridarku domin mu tofa albarkacin bakinmu kan maganar da ake yawan yi cewa manhajojin hira irin su ChatGPT sun kusa kamo tunanin ɗan Adam. Daɗin baki kam sun samu, amma shi kaɗai ba ya nuna fahimta. Tun 1966 Joseph Weizenbaum ya haɗa manhajar ELIZA a jami'ar MIT ta Amurka. Aikinta kawai ta juya wa mutum maganarsa ta mayar masa, duk da haka wasu suka riƙa buɗe mata cikinsu.

A ganinmu babban giɓin yana wajen gyaran zance. Wani bincike da aka wallafa a 2015 kan harsuna 12 ya gano cewa a hirar yau da kullum, kusan kowane minti ɗaya da rabi sai wani ya dakatar da abokin maganarsa don ya tabbatar ya gane. Ko ya ce "Na'am?", ko ya ce "Wa?", ko ya miƙa abin da ya fahimta: "Kana nufin na jiya?" Manhaja kuwa ba kasafai take haka ba. Ka ce mata "gyara mini wannan wasiƙar", ba za ta tambaye ka ko kuskuren rubutu kake so a cire ko taƙaitawa kake nema ba, sai ta zaɓi ɗaya ta zazzago maka shafi guda.

Laifin na horo ne. Manhajojin yau, da aka gina bisa tsarin Transformer na 2017 (wani salon gina manhaja mai koyo daga rubutu), da farko hasashen gutsuren kalma na gaba suke koya. Daga nan mutane su rubuta musu amsoshin misali, sannan a ba masu tantancewa amsoshi da yawa na tambaya ɗaya su jera su daga mafi kyau zuwa mafi rauni, a horar da manhajar ta bi zaɓinsu. Hanyar tana da ƙarfi: a 2022 OpenAI, masana'antar da ta ƙera ChatGPT, ta nuna cewa da masu tantancewa kusan 40, mutane sun fi son amsar ƙaramar manhaja da aka horar ta wannan hanya, mai ma'aunai (lambobin da manhaja ke daidaitawa yayin koyo) biliyan 1.3, a kan babbar manhajarta GPT-3 mai biliyan 175. To amma mai tantancewa amsoshin tambaya ɗaya yake dubawa, ba hira gaba ɗaya ba. Idan aka ajiye masa cikakkiyar amsa kusa da "wanne kake nufi?", cikakkiyar zai ɗauka. Ta haka manhaja ke koyon kintace da ƙarfin gwiwa, ta kuma koyi fadanci, don amsar da ta yarda da mutum ta fi shiga rai. Wannan ne ya sa a Afrilun 2025 OpenAI ta janye wani sabuntawa na manhajarta GPT-4o da ya cika yabon masu amfani da shi.

Gyaran yana yiwuwa. A sa tambayoyi masu harshen damo cikin bayanan horo da gangan, a kuma riƙa ba da maki a ƙarshen hira bisa ko buƙatar mutum ta biya. A lokacin aiki kuma, ana iya sa manhajar ta samar da amsa biyar zuwa goma a ɓoye. Idan ma'anarsu ta rarrabu, alamar ba ta da tabbas ke nan, sai ta yi tambaya. Sai dai a kula, manhajar da ke tambaya kan komai tana gundurar mutum. Wadda ta fi ita ce mai miƙa fahimtarta a taƙaice, ta yadda "e" ko "a'a" zai wadatar.

Sai tunawa. GPT-3 gutsuren kalma 2,048 kawai take iya riƙewa a zama ɗaya, na yanzu suna riƙe dubban ɗaruruwa. Amma bincike a 2023 ya nuna sun fi kama farko da ƙarshen dogon rubutu, tsakiya na kuɓuce musu. Mutum ba ya haddace hira, tace ta yake yi. Don haka ya fi kyau bayan kowace hira a tsamo 'yan bayanai masu muhimmanci, a sa wa kowanne kwanan wata, a adana su daban, a riƙa ɗebo kaɗan da suka dace da sabuwar magana. Idan babu kwanan wata, tsohon bayani zai ci karo da sabo, manhaja ta ci gaba da ba mutum shawara kan aikin da ya bari tuni. Kuma dole mai bayanin ya iya ganinsa ya goge, wannan haƙƙinsa ne.

A hirar murya akwai matsalar lokaci. Tazarar da mutane ke bari kafin ɗaya ya karɓi magana kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ce, saboda mai sauraro yana hango ƙarshen jimla tun daga gininta da karin murya. Manhajar da ke jiran shiru kawai, in an gajarta mata jiran ta katse mai numfasawa, in an tsawaita ta yi nauyin baki. Tana buƙatar wani ɓangare na daban da zai riƙa auna ko jimlar ta cika tun mutum bai rufe baki ba.

Naku,
Wasu masu aikin gina manhajojin hira