Saƙo ga mambobi: kafin ka murza makullin motar da ka je saye

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu mazauna Birtaniya, kwamitin walwala na gaishe ku, ya aiki, ya sanyi. Wannan saƙo na masu shirin sayen mota ta hannu ne, musamman sababbin zuwa.

A gida mun saba inshora takarda ce da ke kwance cikin takardun mota, ta naira 15,000 tun 2023, duk wanda aka miƙa wa makulli ya ja ya tafi. Nan ba haka abin yake ba. Inshora tana ɗaure ne da direba da mota a haɗe. Wadda mai motar ya yi, shi ta rufe, kai ba ta san da zamanka ba, ko da zagaye ɗaya za ka yi a unguwa yana zaune kusa da kai. Dokar hanya ta 1988 ce ta wajabta haka. In 'yan sanda suka tare ka, mafi sauƙin hukunci shi ne tarar fam 300 da maki 6 a kan lasisi, kuma suna da ikon ɗauke motar nan take. In ta kai kotu, tarar ba ta da iyaka, ana iya hana ka tuƙi. Wanda bai cika shekara biyu da cin jarabawar tuƙi ba, maki 6 ɗin nan kaɗai sun isa a soke lasisinsa ya koma farko. Shi ma mai motar da ya ba ka makulli ya yi laifi. Masu tambaya kan halaccin inshora a addini, wannan a kai wa malamai. Mu abin da doka ta ce muke isarwa.

Idan wurin dila mai gareji ka je, yawanci inshorar sana'arsa ta rufe gwajin tuƙi. Ka tambaya da bakinka, ka kuma tambayi nawa za ka biya daga aljihunka in aka yi karo. Wasu diloli kan ba da inshorar kwana biyar ko bakwai kyauta bayan ciniki, amma sai an shigar da sunanka an turo maka takardar shaida. "Ai akwai" ta fatar baki ba inshora ba ce.

Matsalar tana wurin mai sayarwa daga gida, irin wanda ake samu a Facebook ko Auto Trader. Nan ne masu wata motar kan ce: "Ina da cikakkiyar inshora, zan iya tuƙa kowace mota." A buɗe takardar shaida a karanta. Izinin tuƙa motar wani ba kowace cikakkiyar inshora ke ɗauke da shi ba, galibi ba a ba 'yan ƙasa da shekara 25, kuma inda yake akwai, ɓarnar da ka yi wa wani kawai yake biya. Ka daki bango da motar mutumin, gyaranta a wuyanka yake. Abin da ya fi yaudarar mutane kuwa shi ne wannan: izinin na motar da ba taka ba ne. Da zarar ka tura kuɗi mota ta zama taka, izinin ya faɗi, tafiyar komawa gida kenan ba inshora.

Maganin shi ne inshorar gajeren lokaci, daga awa ɗaya har kwana 28, wasu kamfanonin 30. Cuvva, Tempcover, Dayinsure da Veygo suna cikin masu yin ta, a waya ake saye cikin 'yan mintuna. Za a nemi lambar motar, lambar lasisinka, adireshinka, ranar haihuwa, sana'arka, da duk wani haɗari ko maki da ka samu cikin shekaru biyar da suka wuce. Wasu sai ka ɗauki hoton motar kafin ta fara aiki. Shawararmu, tun kana gida ka shigar da lambar motar ka ga ko za su karɓe ka da nawa, amma kada ka biya sai ka ga motar da idonka. Ana ƙin mutum saboda ƙarancin shekaru, ko tsadar motar, ko an yi mata sauye-sauye, ko an taɓa rubuta ta cikin motocin da suka yi mummunan haɗari. Gara ka ji wannan a falonka da ka ji shi a ƙofar gidan mutum a Bradford bayan ka kashe kuɗin jirgin ƙasa.

A kula da agogo sosai, domin da minti take farawa, da minti take ƙarewa. Awa ɗaya ta isa gwaji. Ba ta isa gwaji da ciniki da cike takardu da tuƙi daga Birmingham zuwa Landan ba, balle in babbar hanya ta cushe. Ka sayi awa ɗaya don gwaji, in ciniki ya faɗa ka ƙara yini guda ko biyu kafin ta farkon ta ƙare. Wajen cike bayani za a tambaye ka ko motar taka ce ko ta aro. Amsar kafin ciniki daban take da ta bayansa, ka faɗi gaskiyar lokacin. Ka kuma duba kason da za ka fara biya da kanka in an yi haɗari, don sau da yawa wadda ta fi araha ita ce mai kaso mafi nauyi. Takardar shaidar ka ajiye ta a waya: kyamarorin 'yan sanda rumbun bayanan inshora suke dubawa, sabuwar inshora kuma takan ɗan jima ba ta bayyana a ciki ba.

Batun lasisi. Na Najeriya, Nijar ko Ghana yana aiki ne wata 12 daga ranar da ka zama mazaunin ƙasar, kuma ba a musanya shi da na nan, sai ka yi jarabawa. Kamfanonin gajeren lokaci da dama ba sa karɓarsa sam. Mai lasisin koyo kuma inshorar 'yan koyo zai nema, da alamar L gaba da baya, da wanda ya kai shekara 21 mai cikakken lasisi na shekara uku zaune a gefensa.

Kafin kuɗi su fita, ka shigar da lambar motar a shafin gwamnati ka ga tarihin MOT ɗinta, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, kyauta, da adadin mil na kowace shekara. Ka biya kuɗi kaɗan a bincika ko akwai bashin kamfani a kanta. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta zo daidai da ta takardar V5C, wato takardar rajistar motar. Harajin hanya kuma, tun Oktoban 2014 ba ya bin mota zuwa ga sabon mai ita. Ka karɓi koren yankin V5C, akwai lamba 12 a jikinsa, ka biya harajin a waya kana tsaye a wurin.

Sai 'yan damfara. Duk wanda ya ce a WhatsApp ko Instagram zai samo maka inshora rabin kuɗi, ka tura masa ta asusunsa na kansa, ka guje shi ko da yarenku ɗaya. Ko dai takardar jabu ce, ko ya saya da adireshi da shekarun ƙarya, ko ya soke ta bayan kwana biyu ya karɓe kuɗin. Kai za a hukunta. Dillali na gaskiya sunansa na cikin rajistar FCA, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin kuɗi da inshora.

Abu biyu da wannan inshora ba ta yi: ba ta rufe aikin kai abinci ko kaya don kuɗi, kuma galibinta ba a karɓar ta wajen fito da motar da 'yan sanda suka tsare, inda kowace rana ake ƙara kuɗin ajiya. In ta ƙare ba ka yi ta shekara ba, motar ba za ta kwana a bakin titi ba. Sai ka shigar da ita fili na kanka ka sanar da DVLA, hukumar lasisi da rajistar motoci, ta hanyar SORN, wato sanarwar cewa motar ba ta hawa titi. Ta shekara kuwa takan fi sauƙi in ka nemi farashi kimanin mako uku kafin ranar farawa, maimakon ranar da kake buƙata.

Duk wanda ke son a raka shi duba mota ya sanar da sakatare kwana biyu kafin tafiya, tare da lambar motar da garin da take.

Wassalamu alaikum.
Kwamitin walwala