Suleja ko Kubwa? Dan Allah Anti ki raba mu gardama ni da maigidana

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri ya ƙara basira. Ni mai sauraron shirinki ce daga Zariya, dan Allah ki sakaya sunana. Matsalata ba ta kishiya bace ba kuma ta dangin miji ba, maganar wurin zama ce kawai, amma wallahi tana neman ta kai mu ga kwana ba mai ce wa wani uffan, abinda bamu saba ba tunda mukayi aure.

An yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa Abuja, ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, ofishinsu yana Sakatariya can tsakiyar gari. Tun bayan babbar sallah yake can yana raɓe a ɗakin wani abokinsa, sai ƙarshen sati ya leƙo mu in da hali, in babu sai dai waya. Yaranmu uku, babbar shekararta 7 tana aji biyu, mai bi mata shekara 4 yana rabin aji, sai auta da nake goyo. Shi na tsakiyan sikila ne Anti, kuma duk lissafin da nake yi a kansa yake tsayawa. A nan Zariya mun san hanyar asibitin Shika ko ido a rufe, likitocin sun san shi, katinsa na can, in ciwon ya tashi da tsakar dare ƙanina ke zuwa da mota kafin ma in gama haɗa kaya a jaka. To yanzu zamu bar duk wannan mu tafi inda bamu da kowa sai Allah.

Cikin garin Abuja ba a ma maganarsa, Wuse ko Garki ko Gwarinpa kuɗin hayarsu ba na mai albashi irin namu bane, dan haka dole sai garuruwan gefe. Mararaba da Masaka shi da kansa ya cire su, yace ya ga abinda mutane ke sha a gosulon Nyanya da safe kuma bazai iya ba. Lugbe ta bani sha'awa saboda hanyar filin jirgi tana da kyau, amma labarin ambaliyar da ake ji a wasu rukunin gidajen can duk damina ya sa jikina yayi sanyi, ga kuɗin ma ba sauƙi. Bwari kuwa tun satar mutanen da akayi a yankin farkon 2024 mahaifiyata tace kar ma in kawo mata maganar. Gwagwalada na so ta saboda asibitin koyarwa na Jami'ar Abuja yana can, mai yaro irin nawa ba abinda yake so kamar ya kwana kusa da babban asibiti, sai dai akwai nisa sosai kuma kowa yace zafin garin ba na wasa bane, shi kuma yaron da ya ɗan sha rana ruwan jikinsa ya ragu shikenan an shiga uku. Haka dai mukayi ta tankaɗe da rairaya har aka rage biyu, Suleja da Kubwa, a nan kuma muka cije.

Shi Suleja yake so, kuma ban ce ba shi da hujja ba. Kuɗin da zai kama mana ɗaki biyu da falo a Kubwa, a Suleja zai kama mana gida sukutum da tsakar gida da rijiya har a samu canji. Gwaggonsa tana aure a Kwamba shekara da shekaru, yace ko ba komai ina da uwa a kusa, in haihuwa ce ko rashin lafiya akwai mai riƙe mun yara. Kuma garin Hausawa ne, yana yawan cewa ai mutanen Suleja Zazzagawa ne ƴan uwanmu, daga Zariya kakanninsu suka taso bayan jihadi, shi yasa har yau ake ce wa sarkin garin Sarkin Zazzaun Suleja, wai in na je ko baƙunta bazan ji ba. Gaskiya ne kuma, da muka je na ga islamiyya kusan kowane layi, na ga masu waina da ƙosai da safe, kayan miya da sauƙi, mata na shiga gidajen juna ana gaisawa. Babban tsoronsa shine yaransa su tashi a inda Hausa ma sai ta gagare su, su riƙa ce masa dadi suna amsa masa da Turancin buroka, yace ya ga ƴaƴan abokansa a Abuja haka kuma abin na damunsa ƙwarai.

Amma Anti gani ya kori ji. Mun kwana gidan Gwaggo, wajen ƙarfe huɗu da rabi na tashi ba wa auta nono sai naji ƙofofin maƙwabta na buɗewa ana tada babura. Na leƙa ta taga, wani magidanci ne ya fito da jakarsa a kafaɗa da takalmi a hannu, matarsa ta biyo shi da shayi a kofin roba mai murfi, ko kiran assalatu ba a yi ba. Da gari ya waye na tambayi matar, tace a tasha yake sallar asuba in an samu jam'i, in ba a samu ba sai ya isa, kuma baya dawowa sai bayan isha'i, yaranta daga Litinin zuwa Juma'a basa ganin ubansu ido biyu, ƙaramin har ƙyuya yake masa ranar Asabar. Ta faɗa tana murmushi amma ni sai da na koma ɗaki nayi hawaye. Suleja fa jihar Neja ce, daga can zuwa Sakatariya ya haura kilomita 40, sai ka wuce dutsen Zuma ka bi Madalla ka shiga Zuba, sannan Dei-Dei, sannan ka zo Kubwar da muke magana, daga nan ma da sauran tafiya. In aka dace da ranar kasuwar Madalla ko wata tirela ta lalace a hanya to sai dai haƙuri. Ga maganar ƴan wan cans da ake ta ji, mutum ya shiga mota da duhu bai san da waɗanda ya shiga ba, a ƙwace waya a kwashe kuɗin asusunsa a wurgar da shi gefen titi. Ni kullum da wannan fargabar zan wuni kenan?

Da na faɗa masa sai yace ai shi namiji ne, wahalar hanya shi zai sha, ni ina ruwana ina gida a zaune. Wannan maganar ta tsaya mun a rai. Ruwana shine in yaron nan ya fara kukan ƙafa da azahar, irin kukan da ko taɓa shi baka isa kayi ba, ubansa yana can bayan gosulo awa biyu, ni ga goyo ga babbar a makaranta. Na san akwai babban asibitin gwamnati a Suleja kuma ban raina shi ba, amma in abin ya kai ga ace a wuce gaba fa, ko Gwagwalada ko Asibitin Ƙasa a cikin gari? Gwaggo kuma ta manyanta, ciwon gwiwa ke damunta, ba zan ɗora mata abinda ba zata iya ba. Sannan arhar da yake gani ni ban ganta ba, tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya zama wani hayar daban. Na zauna da biro da takarda na lissafa abinda zai kashe zuwa da dawowa kullum har shekara, na haɗa da abincin da dole ya saya a waje tunda ba karyawa zai yi a gida ba, sai naga ratar da ke tsakanin hayar biyu ta kusa cikewa. Na nuna masa yace lissafin takarda daban na aljihu daban, kuɗin mota kullum ake biya kaɗan kaɗan, haya kuwa a dunƙule mai gida yake so, ga kason dillali ga na lauya ga wani kuɗin ajiya wai ko an lalata wani abu. Nan kam ban da amsa, dan gaskiya ya faɗa.

Kubwa kuma ba wai na ɗauke ta aljanna bane. Abinda ya ja ni shine tana cikin Abuja, titin da ya tashi daga can zuwa gari babba ne mai faɗi, in ya fita bayan asuba zai isa a kan lokaci, magariba ko bayanta kaɗan yana gida. Akwai babban asibitin gwamnati a garin, wasu unguwannin suna samun ruwan famfo daga dam ɗin Usuma, kuma tashar jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna tana nan Kubwa, in ta kama mu je gida sai mu hau mu sauka Rigasa mu ƙarasa Zariya a mota. Na san abinda ya faru da jirgin a watan Maris na 2022, ba wanda ya manta, amma dai ga mai ƙananan yara ya fi mun wunin da ake yi a kan titin Kaduna.

To amma gidajen da ƙarfinmu zai kai ba a tsakiyar Kubwa suke ba, can ciki ne wajen Byazhin inda kwalta ta ƙare. Dillali ya kai mu wani gida, fenti sabo fes, tayil har bayi, maigidana har ya fara tambayar yaushe za a biya. Ni kuma na zagaya baya wajen da ake shanya sai naga bangon ba a shafa masa fentin ba, ga layin da ruwa ya bari ya kai gwiwata, ƙasan duk ya yi kore. Wata mata a gidan kusa tana tsintar shinkafa a baranda, na gaishe ta na nuna mata bangon da ido, bata ce komai ba sai ta nuna mun katifarta da ke ɗore kan bulo a cikin ɗaki. Gida mai danshi da sauro ga sikila kin san me kenan. Wani gidan kuma ba ruwa sai na ƴan garuwa, wani aka raɗa mana cewa filin a hannun mai unguwa aka saya ba takardar gwamnati, kuma kowa ya san yadda rusau yake a Abuja, ba ruwansu da cewa kai ɗan haya ne ka biya shekara.

Makaranta ma wani tashin hankalin ne. Da niyyata in sa babbar a ta gwamnati mu ɗan numfasa, sai aka tuna mun a 2025 malaman firamare na Abuja sun yi yajin aiki sama da wata uku yara na zaune a gida. Masu zaman kansu kuma na Kubwa wasu kuɗinsu sai ka riƙe baki, masu sauƙin kuma gida ne aka yanka ɗakuna aka sa allo. Islamiyya akwai amma ba a bakin ƙofa ba kamar Suleja, sai an hau Keke. Kuma maganarsa ta Hausa ni ma tana raina, bana so ƴata ta je gaida kakarta a kasa fahimtar juna, sai dai ina ganin wannan aikin gida ne, in uba yana dawowa da wuri ya zauna da su a tabarma ya biya musu karatu ai harshen bazai gudu ba. Uban da baya nan fa, ko a tsakiyar Hausawa ake wa zai maye gurbinsa?

Ana cikin haka Hajiyarsu ta kawo nata, tace in zauna a Zariya da yara kawai shi ya ci gaba da zuwa ƙarshen sati kamar yadda mutane da yawa ke yi, yaro na kusa da likitocinsa, ba a kashe kuɗin haya mai nauyi ba. Na san dan tausayin jikanta ta faɗa, kuma ko mahaifiyata ta karkata can. Amma watannin nan da yayi baya nan na ga yadda ya rame, ga zirga zirga a wannan hanyar duk sati, in ya taso ranar Juma'a bana iya cin abinci sai naji sallamarsa. Babbar kuma ta fara tambayata wai Abba ya daina sonmu ne. Ni aure nayi dan mu zauna tare, bana son raba gida in ba dole ba.

Akwai abu ɗaya da na ajiye sai ƙarshe. Ina ɗan sana'ar turaren wuta da humra, ina cikin adashe kuma kwasata ta kusa, ga ƴan kunnen gwal ɗina na aure. In na haɗa su zasu cike abinda ya rage mu kama gida mai kyau a Kubwa inda ruwa baya shiga. Na taɓa masa maganar sau ɗaya ya haɗe rai, yace shi bai gaza ba da mace zata biya masa haya, kar in sake. Tun ranar ban ƙara ba, amma abin na cina, dan ni ba gori zan masa ba wallahi, lafiyar ɗanmu ce da tasa.

Dan Allah Anti ki bani shawara. In bi shi Suleja in yi shiru in ga yadda shekara ɗaya zata kasance, ko in dage a kan Kubwa ko da ransa zai ɓaci? Ta wace hanya zan sake kawo maganar kuɗin nan ba tare da ya ji na taɓa masa girma ba, in sa yayansa ya masa magana ne ko hakan zai ƙara ɓata abin? Sannan ina roƙon masu sauraro da ke zaune a Suleja ko Kubwa, musamman iyayen da ke da yaro mai sikila, su faɗa mun tsakaninsu da Allah ina suke kai yaransu in ciwon ya tashi da dare, kuma wace unguwa ce bata cin ruwa da damina. Hayarmu ta nan Zariya zata ƙare ƙarshen wata mai zuwa, mai gidan ya riga ya aiko yana tambaya ko zamu sabunta, kuma ina so duk inda za a je a je kafin a koma makaranta.

Nagode, Allah ya bar zumunci.

Taki,
Maman yara uku, daga Zariya