Godiya ga Masta da yaransa a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Masta, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da yaran gareji baki ɗaya. Godiyar baki da na yi maka ranar da na karɓi mota ba ta ishe ni ba. Shi ya sa na rubuto a bainar jama'a, don 'yan uwa direbobi na Aboabo da Asawase da sauran zangunan Kumasi su ji da kunnensu.

Motata ƙirar 2007 ce, cikin waɗanda ake shigowa da su daga Amurka ta tashar jiragen ruwa ta Tema. Da safe bugu ɗaya take tashi. Sai an yi nisa, inji ya ɗau zafi, sannan ta mutu ana tsakiyar gudu. Wanda abin bai taɓa samu ba sai ya ɗauka wasa ne. Inji na mutuwa sitiyari zai yi nauyi, birki kuwa taku ɗaya ko biyu zai ba ka da sauƙi, daga nan ya yi tauri. Ka ƙaddara haka a hanyar Offinso zuwa Techiman, tirela mai zuwa Tamale ko Burkina Faso tana bayanka tana huci. In na samu na gangara gefe motata ta huce, sai ta tashi kamar ba ita ba.

Kafin in zo wurinka an canja fulogi, an wanke tanki, an sa sabon famfon mai. Kuɗi sun tafi, ciwo yana nan. Ba zan kama sunan kowa ba.

Abin da ya fara burge ni shi ne ba ka taɓa sifana ba sai da ka gama yi mini tambayoyi. Kafin ta mutu tana shaƙewa tana fizga, ko ɗif take yi? Fitilar batir tana kamawa tun ana tafiya? A kan tudu ta fi yi ko ko'ina? Da sanyin inji ta taɓa yi? Ka bayyana mini cewa in mai ne ba ya isa, ko famfo ya gaji ko filta ta toshe, mota sai ta yi tari, ƙarfinta ya ragu, musamman a hawa. In altaneta ce ta daina caji, fitilu za su dushe tukuna, kuma bayan ta mutu batir ba zai iya juya inji ba. Tawa kuwa ɗaukewa take yi kamar an murɗe makulli, wato wuta ce ke yankewa.

Daga nan ka jona kwamfuta. A wurinka na ji cewa tun 1996 kowace ƙaramar mota da ake sayarwa a Amurka tana da wannan soket ɗin a ƙarƙashin sitiyari, wanda ake kira OBD-II. Lambar P0335 ta fito, mai nuni ga sensar karanshaf, wato ƙarfen da fistin ke juyawa a cikin inji. Da wani ne, nan take zai ce in kawo kuɗin sabuwa. Kai kuwa ka ce lamba unguwa kawai take nunawa, ba ta nuna gida: yana iya zama waya ce ta goge, ko bakin soket ya yi tsatsa, ko sensar kanta. Ka bar inji yana aiki a rana har ya yi zafi ya mutu a gabanmu, sannan kuka rufar masa kafin ya huce. Famfo yana kuka daidai, matsin mai bai sauka ba, amma fulogi babu tartsatsi, kuma ana buga makulli kwamfuta tana nuna juyin inji sifiri. Ka bi waya da mita, lafiyarta ƙalau. Ka auna sensar da zafinta, layi a yanke. Da ta huce ka sake aunawa, ta dawo.

Ga 'yan uwa direbobi, aikin wannan 'yar aba shi ne ƙirga haƙoran wani faifai da ke juyawa tare da karanshaf, ta riƙa gaya wa ƙwaƙwalwar mota inda fistin yake. In ta yi shiru, ƙwaƙwalwa sai ta tsayar da wuta da feshin mai gaba ɗaya. Siririyar wayar da ke naɗe a cikinta ce ke rabuwa in ta ji zafi, ta sake haɗuwa in ta yi sanyi.

Magazine kowa ya san ta, babu kayan motar da ba za a samu ba: sabo, na hannu, da jabu mai kwali mai kyau. Ka haɗa ni da babban yaronka muka je shago tare, aka yi ciniki a gabana, ba a ɗora ko sidi ɗaya a kai ba. Wannan yaron, Allah Ya yi masa albarka, da Hausa yake mini bayani, ya juya ya yi ciniki da Tiwi, mai shago har yana dariya. Bayan an ɗaura, shi ya tuƙa muka yi gwaji har Offinso muka dawo, aka ba ni tsohuwar sensar a leda. Tun daga ranar motar ba ta ƙara mutuwa a hanya ba.

Ƙorafina ɗaya ne, Masta: a samo benci da 'yar rumfa don masu jira, ranar Suame ba ta da kunya.

Allah Ya ƙara wa sana'a albarka, Ya tsare hannuwanku daga ƙarfe da wuta, Ya nuna maka ranar yaye yaran nan kowa da garejinsa. A gaida Hajiya da yara.

Naka,
wani direba daga Aboabo, Kumasi