Maginan kabarin nan ba matsafa ba ne

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da sauran ma'aikata, gyara na zo da shi a kan rubutun da ya fito a shafinku na nishaɗi, inda marubucin ya tattaro waƙoƙin gambarar Amurka masu ban tsoro, ya yi musu kuɗin goro, ya ce duk aikin matsafa ne. Ban zo wanke kowa ba, don akwai waɗanda ni ma ba a isa a kunna su a gidana ba. Amma da na ga kundin 6 Feet Deep na ƙungiyar Gravediggaz a sahun farko, sai na gane ɗan'uwan nan suna kawai ya gani ya yanke hukunci.

Ni na san kundin ne tun ina saurayi, lokacin da nake zaman shagon yayana mai sayar da kaset. Wanda ya zo hannunmu kwafi ne, ko hoto babu a jikinsa, da biro aka rubuta sunan. Turancina a lokacin bai taka kara ya karya ba, saboda haka abin da na fara ji shi ne ihu, da dariyar mugunta, da kiɗa mai nauyi kamar ana jan ƙafa a cikin duhu. Yayana ya ce in kashe kada in kore masa masu ciniki. Sai bayan shekaru, da kunnena ya buɗe kuma na bi tarihin mutanen, na fahimci abin da suke nufi da kabarin.

Mutum huɗu ne, kuma abin da ya haɗa su shi ne kasuwar waƙa ta gama da kowannensu. Prince Paul, wanda ya tara su, shi ya haɗa wa ƙungiyar gambara ta De La Soul kiɗan kundinsu na farko a 1989, kundin da ya yi tashe har ana ganin yaron nan ya kama ƙasa. Bayan ƴan shekaru tauraronsa ya fara disashewa, ƙaramin kamfanin da ya kafa ya durƙushe, masu harkar suka soma cewa zamaninsa ya wuce, alhali ko talatin bai kai ba. Frukwan abokin aikinsa ne tun a ƙungiyar Stetsasonic, shi ma ya fita ya rasa madafa. Poetic ya fitar da waƙa a 1989, kundin da ya yi tsammanin zai biyo baya bai ga hasken rana ba. Na huɗun, RZA, ya fito a 1991 da sunan Prince Rakeem yana waƙar ƴan mata, waƙar ba ta ci kasuwa ba aka sallame shi, sannan ga shari'a a jihar Ohio da ta kusa kai shi kurkuku kafin kotu ta wanke shi. Dukkansu sun taɓa zama ƙarƙashin kamfanin Tommy Boy. Mutanen da aka binne da ransu ke nan, to wane suna ya fi dacewa da su in ba maginan kabari ba?

Kowa ya ɗauki laƙabi daga maƙabarta. Paul ya zama mai shirya gawa, Frukwan mai tsaron ƙofa, Poetic mai ɗaukar rai da lauje, RZA kuma mai tayar da matattu. A gidan Paul suka fara naɗar waƙoƙin gwaji, ya yi ta yawo da su kamfani-kamfani ana girgiza masa kai. Abin dariya, sai da RZA ya fashe da wata ƙungiyar tasa, Wu-Tang Clan, wadda kundinta na farko ya fito a Nuwamban 1993, sannan mutumin da aka sallama jiya ya zama abin nema. Kamfanin Gee Street ne ya ɗauki Gravediggaz, kundin ya fito ranar 9 ga Agustan 1994. Ko sunan ma sai da aka yi ciniki a kansa. Wanda suka raɗa masa tun farko yana ɗauke da kalmar nan ta cin mutuncin baƙar fata, an haɗa ta da kalmar sandarewar gawa. A Turai an bar shi haka, a Amurka aka sauya zuwa zurfin ƙafa shida, wato zurfin kabari a al'adarsu.

Ga wani abu da ke ba ni mamaki har yau. Paul da De La Soul ƴan garin Amityville ne a Long Island da ke jihar New York, garin da wani saurayi ya kashe mutum shida na gidansu a 1974, aka yi ta yaɗa cewa gidan yana da aljanu, har aka yi fim a kansa. Yaron da ya girma a irin wannan gari ya fara shahara ne da kiɗan raha da furanni, sai da duniya ta juya masa baya ya waiwayi duhun.

Yanzu ga inda marubucinku ya kauce hanya. Matattun da suke cewa za su tono ba na cikin ƙasa ba ne, masu mataccen tunani suke nufi, mutanen da ke yawo a titi amma jahilci da ƙwaya da talauci sun rufe su da ƙasa. Wannan magana daga koyarwar ƴan kashi biyar ta fito, ƙungiyar da Clarence 13X ya kafa a unguwar Harlem a shekarun 1960 bayan ya bar Nation of Islam, wata ƙungiyar addini ta baƙaƙen fatar Amurka. A wurinsu kashi 85 na mutane kurame ne makafi, kashi 10 sun san gaskiya amma suna cin gumin sauran, kashi 5 ne ke ƙoƙarin farkar da jama'a. Kada a yi mini mummunar fahimta, aƙidar nan ba Musulunci ba ce ko kusa, duk da kalmomin Larabci da suke arowa, kuma akwai abubuwa a cikinta da Musulmi ba zai iya ko maimaitawa ba. Sai dai ɓata iri-iri ce, kuma wanda zai yi suka ya kamata ya san wacce yake suka. Wanda ya ce yana so ya farkar da mutane daga magagi, ko da hanyarsa karkatacciya ce, ba shi ne mai yanka wa iska baƙin bunsuru ba.

Kuma duk wanda ya saurara da kyau zai ji barkwanci ya fi tsoro yawa. Waƙar da ta fara fitowa, Diary of a Madman, zaman kotu ce: ga alƙali yana buga guduma, ga iyaye suna kururuwa a yanke hukunci, ga waɗanda ake tuhuma suna tashi ɗaya bayan ɗaya kowa yana bayanin yadda hankalinsa ya gushe. Wasan kwaikwayo ne na rediyo aka ɗora a kan ganga. Mu da aka rena da tatsuniyar Dodo ai bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Kakarmu ta sha ba mu labarin yadda Dodo ya haɗiye yarinya mai taurin kai, ba mu taɓa cewa tsohuwa tana bautar Dodo ba.

Inda zan ba marubucinku gaskiya shi ne waƙar 1-800 Suicide. Sun ce ba'a ce, kuma na yarda ba'a ce, amma ba'a da batun mutum ya kashe kansa, wanda shi ne jigon waƙar, wuƙa ce mai kaifi biyu. Yaron da ransa ya riga ya ƙuntata ba zai tsaya tantance gatse ba. Da a kan wannan waƙar ya tsaya ya yi faɗansa, da ban ɗauki alƙalami ba.

Abin da kundin ya bari ma ya zo a karkace. Ƴan jarida da ƴan kasuwa suka liƙa masa sunan horrorcore, wato gambarar tsoro, kamar su suka ƙirƙiro ta, alhali Geto Boys na Houston da Esham na Detroit sun riga su taɓo wannan fage. A shekarar ta 1994 kamfanin Def Jam ya fito da tasa ƙungiyar, Flatlinerz, waɗanda su kam da sunan Shaiɗan suka yi talla ƙiri-ƙiri, kuma ba su je ko'ina ba. Ina zargin irin waɗannan ne suka shafa wa sauran kashin kaji. Masu kwaikwayo da yawa da suka biyo baya jinin suka ɗauka da gatarin, suka bar hikimar da dariyar a ƙasa. Su kuwa masu abin ba su daɗe a cikin rigar ba. A 1995 sun yi ɗan ƙaramin faifai da mawaƙi Tricky na Ingila, kundinsu na biyu kuma a 1997, mai sunan diga da lauje da shebur, ya fi karkata ga wa'azi irin nasu da tarihin bauta, Paul ma hannunsa kaɗan ne a ciki. Daga nan shi da RZA suka kama gabansu, aka bar Frukwan da Poetic.

A kunnena Poetic ne gwanin kundin farko. Muryarsa tana hawa tana sauka, yanzu yana rera kamar mai zikiri, an jima yana kuka, an jima yana ƙyaƙyata dariya, duk a cikin baiti guda. A 1999 likitoci suka gano yana da ciwon dajin hanji, suka ce saura masa ƴan watanni. Ba shi da inshorar lafiya, a ƙasar da kwana ɗaya a asibiti kan cinye albashin wata, sai da abokan sana'a da masoya suka yi ta haɗa masa gudummawa. Ya ƙara kusan shekara biyu yana shiga ɗakin naɗar waƙa da ciwon a jikinsa, har ya yi waƙa a kan cutar. Ya mutu ranar 15 ga Yulin 2001 yana ɗan shekara 36.

Ina roƙon ka miƙa wa marubucin wannan takarda. In ya samu sarari ya nemi kundin ya saurara tun daga farko, da rubutattun baitocin a gabansa, sannan ya sake rubuta mana abin da ya ji, ko da sukar ce zai ƙara.

Na gode. A huta lafiya.

Naku,
Tsohon mai sayar da kaset, daga Kaduna